Magudanar Kwarin Ɗinya

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da ƙarfe goma na safe, dagacin Kwarin Ɗinya ya shiga ofishin Malam Yohanna Dikko, tsohon mai awon ƙasa a Zariya. Ambaliyar bara ta ci gida ashirin a ƙauyen, ta tafi da jikar dagacin. Yana son a fitar musu da hanyar magudana kafin damina.

Malam Yohanna idonsa ya riga ya dushe, ko layin taswira ba ya gani. Ya kira mutum ukun da ya koya wa aiki, Sambo da Rifkatu da Barau, ya ce, "Wannan ne aikina na ƙarshe. Wanda ya fitar da mutanen nan daga ruwa, shi zan bar wa ofis."

Sambo ya ɗauki na'urar awo ya shiga kwarin. Ya bi kowane tudu da gangare yana auna tsayin ƙasa, cikin ƙaya da laka, har zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai dawo ba sai da ya gama.

Rifkatu ta zuba lambobinsa a kwamfuta, ta ja layukan da ke nuna inda ƙasa ta tashi da inda ta sauka. Kwarin shimfiɗe yake kamar faranti, kowa ya ce ruwa ba shi da mafita. Ita ta gano wani siririn gangare bayan kasuwa wanda zai kai ruwan zuwa kogi da kansa. Ta ɗora zanen a kan tsohuwar taswirar zamanin Turawa, domin a nan kogin da iyakokin gari suke.

Barau ne zai kai wa masu haƙa zanen. Ya tsaya yana kallon allon, ya ce, "Yaya Rifkatu, dutse nawa ne a garin nan?"

"Ɗaya mana. Ko kai ka haifa musu wani?"

"To, ni biyu nake gani."

Sambo ya ce daga kan benci, "Yunwa ce. A ba shi ƙosai."

Malam Yohanna ya ji su daga kujerarsa, nan take ya gane inda matsalar take. Tsohuwar taswira da ma'aunin Minna aka yi ta, wato tsohon tsarin awo da ke farawa daga wata alama a garin Minna, na'urar Sambo kuwa da na tauraron ɗan adam take aiki. Kwamfuta ba ta tambaya, ta ɗora wannan a kan wancan kawai, komai ya goce kusan mita ɗari, shi ya sa dutse ɗaya ya fito sau biyu. Da an haƙa a haka, bakin magudanar a makarantar firamare zai buɗe. Barau ya gyara saitin, duwatsun biyu suka koma ɗaya.

Aka haƙa. A watan Agusta aka yi ruwan da ya fi na bara, ya bi magudana ya wuce kogi, ko kaza bai ɗauka ba.

Malam Yohanna ya yi ta juya maganar a ransa. In ya tuna Sambo a kwance yana rawar sanyi, sai ya ce shi ne. In ya tuna babu wanda ya ga gangaren nan sai Rifkatu, sai ya sake shawara. In ya ji hayaniyar 'yan makaranta ta taga, sai Barau ya faɗo masa. Matarsa Saratu ta ce ya raba musu mana. Ya ce sunan mutum ɗaya ake sawa a ƙasan taswira. Kafin kaka ta shigo ya rasu, bai ambaci kowa ba.

Waɗanda suka rage su ne Saratu, da dagacin, da mutanen Kwarin Ɗinya duka, da su ukun nan da ke zuwa ofis kullum, kowa yana kauce wa kujerar marigayin.

To, jama'a, wa ya kamata ya zauna a kanta?