Kafintan da Ya Ce Bai Taɓa Sha Ba

Ya 'yan uwa, akwai kuskure guda a tsakiyar labarin nan, kuma ina gaya muku tun yanzu domin ku sa ido ku gan shi idan ya zo. Kalma huɗu ne kacal. Mai shi ya faɗe su da rana tsaka, yana zaune a kan benci, yana murmushi.

An yi wani mutum, kafinta ne, ya ɗan haura shekara hamsin. Ƙofofi da tagogi yake yi, kuma hannunsa na da kyau, ƙofarsa ba ta kuka, ba ta cijewa ko da damina. Ba ya zagi, ba ya cin amanar katakon mutane, sahun gaba ba ya wuce shi. Idan ana faɗa a layinsu shi ake kira ya raba.

Amma a bayan shagonsa akwai wani lungu tsakanin bango da inda yake jingina dogayen katakai. Mutum ɗaya kawai lungun ke ɗauka. Nan yake shiga ya sha sigari, sau goma ko fiye a rana, shekara talatin da 'yan kai. In ya fito sai ya wanke hannu, ya jefa kanumfari a baki, ya ɗauki zarto kamar ba abin da ya faru. Ba ya saya a unguwarsu. Sai ya je sarin katako can nesa yake cika aljihu.

Wani abu kuma ya ƙara ɗaure shi. Lokacin da babban ɗansa yake ɗan shekara goma sha huɗu, an kama shi da guntun sigari. Kafinta ya fito da shi ƙofar gida ya yi masa dukan da har yau mutanen layin ba su manta ba, yana dukan yana cewa ba a gidansa ba. Aka yi ta yaba masa, aka ce ga uba na gari. Daga ranar nan, da wane baki zai ce shi ma yana sha?

Maƙwabcin shagonsa mai walda ne, abokinsa tun na ƙuruciya. Shi kam a fili yake shan tasa, har ana ce masa Bututu. Shi kaɗai kafinta ya yarda ya san sirrin, don a wurinsa yake aron ashana.

Wata shekara sai masu binciken lafiyar jama'a suka zo ƙaramin asibitin unguwar. Suna son su san yawan masu shan sigari, kuma su gwada ko za a iya kama ciwon dajin huhu tun yana ƙarami, kafin mutum ya fara jin komai a jikinsa. Na'urar da ke ɗaukar irin wannan hoton ƙirji tana babban asibiti, ba ta isar kowa. Saboda haka tsarinsu shi ne su yi tambaya tukuna. Wanda ya haura hamsin kuma ya daɗe yana sha, sai su ba shi kati ruwan ɗorawa ya je a yi masa hoton kyauta. Wanda ya ce ba ya sha, a gwada jininsa a sallame shi.

Suka kafa rumfa a harabar asibitin, suka jera benci, suka ajiye tebur ɗaya a gaba. Duk abin da aka tambayi mutum, na bayansa na ji.

Kafinta bai yi niyyar zuwa ba. Babban ɗan nan nasa, wanda yanzu ya zama magidanci har da 'ya'ya biyu, shi ya matsa, ya ɗauko shi a babur, ya zauna kusa da shi a kan bencin.

Mai walda ne a gabansu. Shugabar masu binciken, wata mata mai tabarau, ta tambaye shi ko yana shan sigari.

Ya ce, "Hajiya, ki tambayi rumfar nan, kowa zai ba ki amsa."

"Kara nawa a rana?"

"Goma sha biyar. Ranar da uwargida ta tashi da ni kuma, ashirin."

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Bututu ke nan, ko kunya ba ya ji!" Ya karɓi katinsa ya ɗaga sama yana nuna wa mutane kamar ya ci kyauta.

Sai aka zo kan kafinta. Matar ta yi masa tambayar da ta yi wa kowa. Ya dubi ɗansa a dama, ya dubi dattawan layinsu a hagu. Ya yi murmushi ya ce, "Ban taɓa sha ba."

Mai walda ya juyo ya kafa masa ido. Kafinta ya kau da kai. Aka ɗaura masa abin awon jini a hannu, aka ce jininsa lafiya lau, ya tashi ya hau bayan babur.

Ya 'yan uwa, wa ya yaudara a nan? Matar ta rubuta abin da aka gaya mata ta kira na gaba. Ba abin da ya ragu a jikinta.

Da yamma mai walda ya leƙa shagon ya ce, "Malam, ka koma gobe da sassafe kafin mutane su taru. Ni zan raka ka." Kafinta ya ce sai ya gama tagogin da ke hannunsa. Da ya gama tagogin, masu binciken sun naɗe rumfarsu.

Hoton mai walda ya nuna wani ɗan tabo a huhu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya yi ta rantsuwa shi lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi. Likita ya ce ai shi ya sa ake neman abin tun yanzu. Aka yi masa aiki aka cire. Ya sha wuya, ya bar sigari da ƙyar, yana masifa da kowa har wata biyu. Amma ya dawo bakin aikinsa.

Shi kuwa kafinta, bayan shekara guda da 'yan watanni sai tari ya kama shi. Ya ce dusar katako ce. Tarin ya ƙi tafiya, ya ce sanyi ne. Wando ya fara yi masa yawa. Katakon da yake saɓawa a kafaɗa shi kaɗai, yanzu sai ya ja shi a ƙasa ya tsaya yana haki. Ran nan yana cikin yanka ya yi tari a hankici, ya ga jini. Ya ninke hankicin ya tura a aljihu. Wannan ma ya ɓoye shi har sati uku, sai da matarsa ta gani a wurin wanki.

Shago ya rufe. Waɗanda suka ba shi aiki suka zo suka kwashe katakonsu suka kai wani wuri. Mutumin da ake kira ya raba faɗa ya koma ba ya iya gama magana sai ya huta a tsakiya.

A babban asibiti aka yi masa hoton nan dai da ya ƙi karɓar katinsa. Likita ya ce ciwon dajin ne, kuma ya wuce inda za a yanke a cire, sai dai a yi ta fama da shi da magani. Sannan ya tambaye shi ko yana shan sigari.

Ɗan yana tsaye a bakin gado. Kafinta ya ce masa, "Ɗan ba mu wuri."

Ɗan bai motsa ba. Ya ce, "Baba, ai mun sani. Ni da Umma da ƙannena, duk mun sani. Tun ina yaro nake share guntayen a lungun nan. Ko ranar da ka doke ni, a can na tsinto shi."

"To me ya hana ka magana a rumfar nan?"

"Kunyarka na ji, Baba. Na ce kada in tona ka a gaban mutane."

Ku duba wannan al'amari. Uba yana ɓoye wa ɗa, ɗa yana rufa wa uba, kowa yana ganin alheri yake yi. Shekara talatin yana tauna kanumfari saboda mutanen da tuni sun sani, kuma ba su daina girmama shi ba.

Da an tsaya nan, da labarin baƙin ciki ne kawai. Amma Allah bai rufe masa hanyar tuba ba, kuma ya bi ta.

Da ya ɗan ji ƙarfi bayan zagayen farko na magani, ya ce a kai shi wurin matar mai tabarau. Ya ce mata ya zo ta gyara takardarta, ƙarya ya yi mata. Ta ɗauko takardar ta gyara. Daga baya ta ce abin ya daɗe yana damun su: masu shaguna sun gaya musu sigari ba ta kwana a shago, amma a takardunsu kamar unguwar ba mai sha sai mutum kaɗan. Ta tambaye shi me ya sa.

Ya ce, "Hajiya, kin tambayi uba a gaban ɗansa, kin tambayi mutum a gaban surukinsa. Wa zai gaya miki gaskiya a kan benci?"

Ta ce wannan laifinsu ne, ba nasa shi kaɗai ba, kuma za su sake zagaye. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙaramin asibitin da ake ajiye kwalaye, labule kawai gare shi. Kafinta yana da ƙofa ɗaya a shago da mai ita ya fasa karɓa. Shi ya auna yana zaune a kujera, ɗansa ya riƙe, mai walda ya kafa yana mita wai an sa mai huhu ɗaya da rabi aikin ƙarfi. A zagaye na biyu mutum shi kaɗai yake shiga a rufe. Waɗanda suka amsa suna sha sun ninka na farko. An kama ciwon da wuri a jikin mutum uku, ɗaya daga cikinsu yana cikin dattawan da suka zauna a hagun kafinta ranar nan. Masu binciken sun kai sakamakonsu ga hukuma, suna neman a hana sayar da sigari kara-kara a kusa da makarantu.

Ya 'yan uwa, jikin nan amana ne, kuma mutumin nan ya ci amanar shekara talatin, wannan zunubi ne. Amma abin da ya kayar da shi ƙaryar da ya yi ce domin a ci gaba da ce masa na gari, a ranar da gaskiya za ta iya cetonsa. Me yabon mutane ya ɗauke masa a gadon asibiti?

Ni uba ne, manyan 'ya'yana biyu suna fita da safe ban san abin da ke aljihunsu ba, kuma abin yana hana ni sukuni. Da ina tsammanin tsawa ce magani. Yanzu na zaunar da su na ce duk wanda ya faɗa ciki ya zo ya gaya mini, tare za mu je asibiti. Wanda bai fara ba kada ya fara. Wanda yake sha ya nemi taimako ya bari. Idan ma'aikacin lafiya ya tambaye ka, ka faɗi adadin yadda yake. Idan kai ne ka raka babanka, ka tashi ka ba shi wuri.

Allah ka tsare mu da zuriyarmu daga abin da zai cuci jikinmu, ka raba mu da kunyar da ke hana faɗin gaskiya, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Kafinta yana nan da rai, yana karɓar magani, wani satin ya fita har ƙofar gida, wani satin ba ya iya tashi. Hukuma ba ta ba da amsa a kan maganar makarantu ba tukuna. Likita ya ce sai an sake hoto nan da wata biyu kafin a san ko ciwon ya tsaya ko yana ci gaba.