Lambar Fayil ɗin Burtsatse

Kande mai daddawa ta je wurin sakataren ƙaramar hukuma neman takardun rijiyar burtsatsen ƙauyensu, wadda aka ce an haƙa, alhali ko rami babu.

"Doka ta ba ki dama, Iya," in ji sakatare. "Amma sai kin faɗi lambar fayil ɗin."

"Ina lambar take, yallaɓai?"

"A jikin fayil ɗin, shi kuma yana kulle."

Kande ta gyara mayafi. "Af, na tuna! Arba'in da bakwai."

Sakatare ya tuntsire da dariya, ya dubi ma'aikatansa. "Ku ji ƙauyanci! Wannan ai na mayanka ne. Na burtsatse ɗari da sha biyu ne."

"Allah ya ƙara ilimi, yallaɓai. Ɗari da sha biyu. A ɗauko mini."