Mai Sifana Da Jirgin Roba

Akwai wani dattijon bakanike da duk layin gareji ba a san shi da wani suna ba sai Mai Sifana. Shekara talatin da huɗu yana kwance inji yana ɗaurawa. In aka shigo da mota tana tari, ko bonet ba ya buɗewa, kunne kawai zai kasa ya ce, "Kashe ta, na ji ciwonta." Kuma wallahi yawanci yakan dace.

Hannu kam Allah ya ba shi. Matsalar ita ce shi ma ya san an ba shi, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Yana da 'ya, autarsa, kowa Auta yake ce mata. Ta yi karatu ta samu aiki a wani gari mai nisa, tana cikin masu duba lafiyar jiragen sama kafin su tashi.

Wata rana ta zo hutu, ta leƙa gareji ta tarar yana ɗaure kan injin wata sabuwar mota. Ta matso ta ce masa a hankali, "Baba, irin wannan injin akwai iya ƙarfin da ake ɗaure notinsa, yana cikin littafin motar. Bari in duba maka."

Da a'a kawai ya ce mata, da magana ta mutu a nan. Ina! Sai ya ɗago ya dubi Dogo mai walda da mai fenti da masu motocin da ke zaune a benci, ya ce, "Ku ji min yarinya! Ni za a karanta wa littafi? Ku ai ba gyara kuke yi ba, karatu kuke yi. A ƙwace miki takardar nan, ko keke ba za ki iya ɗaurewa ba."

Aka kwashe da dariya. Ita ma Auta ta yi murmushi, irin wanda ake yi don kada hawaye ya zubo a gaban mutane. Washegari ta haɗa kayanta ta koma bakin aiki.

Wata bakwai ba su yi magana baki da baki ba. In ta kira mahaifiyarta sai ta ce, "Ki gaida Baba." Shi kuma daga inda yake zaune ya ce, "Ina amsawa." Shi ke nan. Yana kewarta ƙwarai, don duk cikin 'ya'yansa ita ce ke zama su yi hirar inji. Ya san ya ɓata mata, kuma ya san in aka ci gaba a haka zai rasa ta. Amma kalmar nan ta "yi haƙuri" ta fi masa injin tirela nauyi.

Ana nan sai aka yi masa aiki a gwiwa. Likita ya ce sati shida a zaune, babu gareji. Tab! Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba. Cikin kwana uku ya kwance fanka, ya kwance rediyo, ya kwance injin markaɗen matarsa da lafiyarsa ƙalau. Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta.

Rana ta biyar aka kawo saƙo daga Auta. Kwali ne mai hoton jirgin sama a jiki, da 'yar takarda a manne: "Baba, irin wanda nake aiki a kansa ne. Ka haɗa ya ɗebe maka kewa. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya karanta sau uku. Da ya ga matarsa na kallonsa sai ya taɓe baki ya ce, "Kayan wasan yara ta aiko min."

Ya dai buɗe. A ciki akwai 'yan ƙananan sassan jirgi na roba, sun fi ɗari, kowanne a manne jikin wasu sandunan roba kamar 'ya'yan itace a reshe. Ga kwalbar gam, ga 'yan kwalaben fenti, ga littafin bayani mai zane-zane.

Matarsa ta miƙo masa littafin. "Malam, ga wannan."

"Ajiye can. Kafin ki gama girki jirgin nan ya tashi."

To ga inda gwaninta ta yi masa illa. Duk bakaniken kirki, in zai ɗaura inji, sai ya fara baje kayan gaba ɗaya a gabansa, manya gefe, ƙanana gefe, don ya ga komai a ido. Haka ya saba tun yana saurayi. Saboda haka ya ɗauko abin yanke farce ya bi sassan nan ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, ya cire su duka daga rassansu. Ya jera su a babban tire, layi-layi, gwanin sha'awa. Sannan ya tattara rassan da suka rage ya ce, "Maman yara, zubar da wannan tarkacen." Ta kai bola, kuma da yamma motar shara ta kwashe.

Manyan sassan ba su ba shi wahala ba. Ya ɗauki ɓari biyu na gangar jirgin ya shafa gam ya haɗe, ya manna fiffike ɗaya. Yana ta fito, yana jin kansa.

Sai matarsa ta zo wucewa, ta ɗauki wasu 'yan kujeru biyu daga tiren ta ce, "Malam, su matuƙan a waje za su zauna ne?"

Ya dubi kujerun, ya dubi gangar da ya riga ya rufe ruf, gam ya bushe.

Sai da ta shiga kicin ya miƙa hannu a sace ya jawo littafin. Ya sa tabarau. Shafin farko ya ce a haɗa lamba bakwai da lamba sha biyu. Ya ɗauki wani ɗan sashe ya juya, babu lamba. Ya ɗauki wani, babu. Ya duba zanen da kyau. Ashe lambobin ba a jikin sassan suke ba, a jikin rassan nan suke, kowace lamba kusa da nata. Rassan da shi da bakinsa ya ce a zubar.

Jama'a, kwana uku dattijon nan yana fama. Sassan da yawa kamarsu ɗaya, na dama da na hagu bambancinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya manna, ya ɓamɓare, ya sake mannawa. Gam ya kama masa yatsu. Abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Abin da ke cinsa a rai ba robar ba ce. Wannan ne abu na farko da Auta ta miƙo masa cikin wata bakwai, ga shi yana neman lalata shi da hannunsa.

Rana ta huɗu ya yi gyaran murya. "Maman yara, in kin kira yarinyar nan, ki tambaye ta..."

"A'a, Malam. Wata bakwai ina yi muku ɗan aike, na yi ritaya. Ga waya nan."

Ta ajiye masa wayar a kan cinya ta fita tsakar gida. Ya daɗe yana kallonta kamar za ta cije shi. Can dai ya danna kiran bidiyo.

"Salamu alaikum, Baba. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Auta." Ya dubi tiren. "Jirgin nan naki... na yi masa aika-aika."

Ya juya wayar ya nuna mata tiren, ya faɗa mata komai, har zancen kujerun matuƙa. Ya gama ya sunkuyar da kai yana jira. Ya san abin da ya cancanta. In ta ce, "Ashe takarda na da rana?" ba ta yi laifi ba.

Sai ya ji dariya. Ba ta mugunta ba, irin dariyarta ta da, wadda gidan ya daɗe bai ji ba. "Baba! Ka baje su kamar za ka ɗaura giyabos. Amma wallahi an jera da kyau." Ta share ido. "Ba komai, na san kowane sashe a jikin na gaske. Ɗaga min na farko in gani."

Haka suka fara. Kullum in ta tashi daga aiki da yamma sai ta kira, su yi sashe takwas ko goma. Shi zai karanta matakin da ke littafin da ƙarfi, ya ɗaga sashe a gaban waya da hantsaki, ita kuma ta ce, "A'a, wannan na hagu ne, ka ga ɗan lanƙwasar nan?" Ita ta koya masa yadda zai bi layin gam da reza a hankali ya buɗe gangar ba tare da ta fashe ba, har kujerun suka shiga. Ta hana shi zuba gam da yawa, ta ce da tsinke ake ɗiga shi. Mai Sifana guda, yana cewa "To, ranki ya daɗe," matarsa na kicin tana ƙunshe dariya.

Wata yamma ya ɗaga wani ɗan siririn abu da ya kusa sharewa da tsintsiya. "Wannan kuma fa? Ko ɓaraguzai ne?"

"Kul, Baba, kada ka yar! A jikin na gaske shi ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. In ƙwaro ya shiga ya toshe shi, matuƙi ya zama makaho."

"To wa ke duba shi?"

"Ni."

Ya ajiye hantsakin.

Ta ce, "Kowane noti zan ɗaure sai na buɗe littafi, ko da na ɗaure irinsa sau dubu. In na gama in sa hannu da sunana, wani kuma ya zo ya sake dubawa. Ba don ban iya ba ne, Baba. Mota in ta ba ka matsala sai ka faka a gefen titi. Can sama babu gefen titi, kuma mutum ɗari biyu ne a ciki."

Maganar ta shige shi sosai. Kunya ta kama shi, alfahari da 'yarsa kuma ya cika masa ƙirji, har ya rasa wanda ya fi yawa. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri a nan take, sai ya fasa. Ya ce a ransa, a gaban mutane na ci mata fuska, ba a ɗaki zan biya ba.

Kwana goma sha tara suka yi kafin jirgin ya kammala. Fiffike ɗaya ya ɗan karkace, kuma akwai shatin babban yatsansa a gilashin gaba inda gam ya taɓa. Amma jirgi ne, yana tsaye a kan tayoyinsa.

Ƙarshen watan Auta ta zo duba shi. Washegari da safe ya ɗauki sandarsa, ya sa jirgin a kwali, ya ce ta raka shi gareji. Ta ɗan yi jim, don tun ranar nan ba ta sake taka wurin ba. Amma ta bi shi.

Suna isa aka yo kansa ana yi masa barka. Ya ce a kira masa Dogo mai walda da mai fenti da duk wanda ke kusa. Ya fito da jirgin ya ɗora a kan bonet ɗin wata mota.

"Kun tuna ranar da na yi wa yarinyar nan dariya a nan, na ce ba gyara take yi ba? To ƙarya na yi. Wannan na roba ne, ba ya ɗaukar ko ƙuda, amma ya gagare ni sai da ta kama hannuna. Ita kuwa na gaske take dubawa, rayukan mutane a ciki." Ya juyo gare ta. "Auta, na ɓata miki a gaban mutanen nan. A gabansu nake roƙonki, ki yafe wa babanki."

Auta ta rufe fuska da mayafinta, kafaɗunta na girgiza. Da ƙyar ta ce, "Baba, ya wuce. Wallahi ya wuce." Ta matso ta riƙe masa hannun da ba sanda.

Dogo, da ba ya iya ganin kuka bai yi magana ba, ya sunkuya ya leƙa jirgin ya ce, "To amma Mai Sifana, ya na ga fiffiken nan ɗaya a karkace?"

Dattijon ya share ido da bayan hannu. "Wannan ni na manna shi kafin in kira ta. Duk inda ka ga ya miƙe, bayan na kira ta ne."

Darasi: Komai ƙwarewarka, akwai abin da na bayanka ya sani kai ba ka sani ba, kuma tambaya ba ta rage wa babba girma. In ka ci fuskar wani a gaban jama'a, ka yi ƙarfin halin ba shi haƙuri a gaban jama'a, ko da ɗan cikinka ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da waya yanzu yana jin nauyin kiran wani.