Ranar da Lantana Ta Kulle Iska a Ɗaki

Dalilin da ya sa jariri sabon haihuwa ba ya numfashi bai ɗaya, sai ya ja da sauri-sauri, ya yi tsit kamar an ɗauke shi, sannan ya sake kamawa, shi zan gaya muku, in dai za ku daina yi wa yayarku dariya. Tun safe nake kallonku. Duk sanda ta kai yatsa ƙarƙashin hancin yaron nan sai ku hau zungurin juna. Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba, ni ma a gajiye nake.

A da can ba haka abin yake ba. A wancan zamani Iska wata tsohuwa ce doguwa, siririya, babu mai ganinta sai mai jego. Tana rataye da salka, irin wadda matafiya ke zuba ruwa, amma tata numfashi ne a ciki. Jariri kuwa bai iya jan numfashi da kansa ba sai wuyansa ya yi ƙwari. Don haka Iska ke bi gida-gida. Ta durƙusa gaban jariri, ta cika masa ƙirji taf, ta wuce. Ta biya wurin masu shiƙa ta kwashe musu ƙaiƙayi, ta fita daji ta cika salkarta, ta dawo tun na ƙirjin yaro bai yi rabi ba. Ba ta taɓa makara ba. Numfashin jarirai a lokacin a jere yake, lafiya lau, kuma masu jego barci suke yi har da minshari.

To, a wani ƙauye akwai wata yarinya, Lantana, da ta yi haihuwar fari. Ta sha wuya ƙwarai, yaron kuma ya zo ɗan mitsitsi. Gwaggonta Tabawa ce ke yi mata wankan jego. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ba ta isa ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta isa ta ƙura masa ido ba. In mata sun zo barka sai ta juya fuska bango, kamar yaron na maƙwabta ne. Amma kunnenta na kansa. Tsoro ne fal cikinta, kuma babu wanda za ta gaya wa.

Sai ɗaki ya zama ba kowa take rarrafawa ta tsura masa ido. Ba ta barci, ba ta iya shanye kunun kanwa. Idanunta suka faɗa, har Gwaggo Tabawa ta fara faɗa.

"'Yar nan, wai me ke cin ki? Ga ɗa lafiyayye, ga nono. Kwanta ki yi barci."

"To, Gwaggo," in ji Lantana. Ta rufe ido na ƙarya.

Wata rana da Iska ta gama cika wa yaron ƙirji ta miƙe, sai Lantana ta riƙe mata gefen zane.

"Iya, in kin tafi, idan ya ƙare ba ki dawo ba fa?"

"Na taɓa ƙin dawowa?"

"A'a. Amma dubi ƙirjinsa, ɗan ƙanƙane ne. Ba ya ɗaukar da yawa."

Iska ta ce, "Uwarki ni na raine ta, ke ma haka. Sakar mini zane, lokacin kaka ne, masu shiƙa na jirana."

Ta tafi. Lantana ta zauna tana jin numfashin yaron, kowane ɗaya tana cewa ko shi ne na ƙarshe. Wanda ya daɗe bai yi barci ba, yara, tunaninsa ba ya tafiya daidai. Nan wata dabara ta zo mata, ta kuma ga kamar babu wadda ta fi ta kyau a duniya.

Washegari da hantsi Gwaggo Tabawa ta zuba garwashi ƙarƙashin gadon ƙasa don ɗumin mai jego, ta zagaya bayan gida hura wutar ruwan wanka. Ɗakin soro ne, taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama. Lantana ta yayyaga tsohon zane ta toshe tagar, ta bi duk wata kafa ta cusa tsumma. Iska na shigowa, Lantana ta tura ƙyaure, ta sa sakata, ta toshe ƙasan ƙofar, ta zauna ta jingina bayanta da shi.

Iska ta cika wa yaron ƙirji, ta juyo.

"Me ke nan?"

"Iya, ki yi haƙuri. Ki zauna da mu har wuyansa ya yi ƙwari. Ina so in yi barci ne kawai. Wallahi na gaji."

"Ke kaɗai kika haihu a ƙasar nan? Buɗe mini."

Lantana ta girgiza kai, hawaye na zuba. Iska ta zagaya ɗakin tana laluben kafa, ba ta samu ba. Ta koma ta zauna.

"Yarinya, abin da ke cikin salkar nan a daji nake ɗibarsa. Ba a ɗaki yake tsirowa ba."

Lantana ba ta ji ba. Ganin tsohuwar zaune kusa da ɗanta ya sa hankalinta ya kwanta, barcin da ta daɗe tana nema ya kwashe ta a nan bakin ƙofa.

A waje kuwa komai ya tsaya cak. Masu shiƙa suka ɗaga ƙwarya suka zubo, hatsi da ƙaiƙayi suka sauko tare. Ganye ko motsi. Can sai aka fara jin kukan mata daga gidajen da ake jego, don na ƙirjin 'ya'yansu ya fara ƙarewa.

Cikin ɗaki garwashi na ci, zafi na ƙaruwa. Iska ta yi ta tatsar salka tana ba yaron har ta zama fayau. Ita kanta ta fara yaushi, ta kwanta a ƙasa. Da Lantana ta farka kanta na sarawa, ta dubi ɗanta, ta ga leɓensa ya yi duhu, ƙirjin da ƙyar yake ɗagawa. Ta yunƙura za ta zare sakata, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Ta buɗe baki, murya ba ta fito ba.

Gwaggo Tabawa ce Allah ya kawo. Ta gaji da fifita wutar da ta ƙi kamawa, ta zo ɗibar garwashi, ta ga tsumma na leƙowa ta ƙasan ƙofa. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ɗauko taɓarya ta ɓalle ƙyauren.

Iska ta ja jiki ta fita, ta nufi daji da salkarta wayam. A nan ne yaron ya yi tsit. Shi ne tsit na farko da jariri ya taɓa yi a duniya.

Lantana ta manta da wata kunya. A gaban Gwaggo, a gaban matan da suka sheƙo, ta sure shi ta manna a ƙirji tana murza masa baya, tana cewa, "Ɗana, ɗana, tsaya mini." Babu wanda ya ce mata ta yi rashin ta-ido.

Sai ga Iska ta dawo tana haki. Ta zuba masa da sauri-sauri, ƙirjin ya kama bugawa, ya tsala kuka. Ta miƙe za ta fita, Lantana ta faɗi gabanta.

"Iya, na tuba. Kada ki daina zuwa."

Iska ta dube ta. Ba ta ma da ƙarfin yin fushi.

"Zan riƙa zuwa. Amma kin ga gidajen da na bari a baya? Kowanne jirana yake, kuma kullum ana haihuwar wasu. Da ina gaban aikina, yanzu shi ke gabana. Ba ni da sukunin cika ƙirji taf, sai dai in ɗiga in wuce. Wani lokaci zai ƙare kafin in iso."

"To in ya ƙare fa?"

"Zai ɗan jira ni, zan zo. Amma tunda kin ce ba ki yarda da ni ba, ke za ki riƙa tsaro. In kin ga na daɗe, ko leɓensa ya sake launi, kada ki zauna kina kunya. Ɗauke shi ki fita, ki tara mutane. Kuma kada a sake toshe mini taga."

Ta tafi da gudu, kuma har yanzu gudun take, ba ta cim ma aikinta ba. Allah ya kiyaye, babu jaririn da aka rasa ranar. Ɗan Lantana ya rayu, ya girma, ya yi jikoki. Barcin nan dai da ta so ta yi, ba ta sake samun irinsa ba, kuma ta jawo wa duk mai haihuwa rashinsa.

Shi ya sa har yau jariri kan yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya ja numfashi da sauri-sauri, Iska ce ta iso a makare tana zuba masa. Shi ya sa kuma uwa ba ta barci sai da kunne ɗaya. Kada ku ɗauka in wuyan yaro ya yi ƙwari tsaron ya ƙare. Ubanku da na haifa, ga shi nan da furfura a gemu. Jiya da rana na same shi yana barci a zaure, ban iya wucewa ba sai da na ga cikinsa ya ɗaga.