Irin Gyaɗa a Fasasshiyar Tukunya

Akwai wani manomi mai gona ɗaya tak. Gyaɗa yake nomawa a cikinta, da ita kuma yake ciyar da gidansa. Wata shekara bayan girbi ya zaɓi iri mai kyau, ya ɓare shi tun da wuri don ya rage wa kansa aiki, ya zuba a tulu, ya ajiye a ɗakinsa mai rufin kwano. Bazara ta zo da zafinta, ɗakin ya zama kamar tanda, amma mutumin ko a jikinsa.

Kowace safiya yakan buɗe tulun, ya zura hannu, ya ɗebo gyaɗar ya duba. Ga ta ja wur, manya-manya, ba ƙwaro ko ɗaya. Sai ya mayar ya rufe, ransa fari ƙal. Har a dandali ya sha cika baki cewa duk ƙauyen ba mai iri kamar nasa.

Da hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai matarsa ta ce masa, "Maigida, irin nan ya sha zafi da yawa. Ka ɗebi kaɗan ka shuka a tukunya mu gani ko zai tsiro."

Ya ce, "Haba! Irin da nake dubawa kullum? Na san shi kamar tafin hannuna."

Ta ce, "Fuskarsa ka sani. In ka zuba shi a gona ya ƙi fitowa, me yaran nan za su ci bana?"

Maganar ta ɓata masa rai. A can ƙasan zuciyarsa kuwa tsoro yake ji, gama ya fi son ya ci gaba da zaton irinsa lafiyayye ne da ya gwada ya ga akasin haka. Amma matar ba ta bar shi ya sha ruwa ba. Don dai ya rufe mata baki, ya sami fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, ya cika ta da ƙasa, ya shuka cikin hannu ɗaya na gyaɗar, yana ba ta ruwa.

Kwanaki suka wuce. Tsiro ya fito ɗaiɗai, a wahale. Ya tona sauran, ya tarar sun ruɓe. Ya ce laifin ƙasar ne, ya canza ƙasa ya sake shukawa. Abin da ya faru da fari shi ya sake faruwa. Zafin kwano ya riga ya kashe irin tun yana cikin tulu.

Mutumin ya zauna ya yi tagumi. Sa'an nan ya tashi, ya haɗiye girman kansa, ya tafi wurin wani tsoho maƙwabcinsa wanda yakan bar irinsa a cikin ɓawo, a inuwar rumbu.

Ya ce, "Baba, irin da na yi ta yabo a dandali ya mutu. Ka taimake ni da naka, in biya ka da aiki a gonarka."

Tsohon ya yi dariya, ya ce, "Gara da ka zo yau, ɗana. Da sai bayan shuka ka zo, da hannu wofi za ka koma. Ɗebi. Amma nawan ma ka gwada shi."

Ya gwada, tukunyar ta cika da tsiro. Da ruwan shuka ya sauka, ya fita gona ba fargaba ko kaɗan, gama ya riga ya ga abin da irin nan zai yi. Gonar ta yi kore shar, gidansa kuma ya ci ya ƙoshi a shekarar.

Ma'anar wannan misali ita ce, ku 'ya'yanmu da kuke shirin komawa kwaleji da jami'a: irin nan shi ne karatun da kuke tarawa a kai, ruwan shuka kuwa jarrabawa ce, ba ta kuma jiran kowa. Na san halinku sarai. Ka buɗe littafi, idonka ya bi shafin da ka sha gani, ka gyaɗa kai ka ce, "Ai wannan na sani." Ka ja layi da jan biro har shafin ya yi kamar an yanka kaza a kansa. Wannan duk zura hannu ne a tulu.

Ga fasasshiyar tukunyarka. In ka gama babi, rufe littafin, ka faɗi abin da ke ciki da bakinka. Nemo tambayoyin shekarun baya, ka amsa su ba tare da leƙe ba. Kira abokiyar karatunki ki bayyana mata darasin, ki bar ta ta yi miki tambaya har ki kakare. Inda kika kakare, nan irin ya mutu, nan kuma za ki koma ki yi aiki. Ku fara wannan tun farkon zango, lokacin da akwai sauran damar gyara.

Za ku ji kunya, na sani, ba wanda yake jin daɗin ganin bai iya ba. Ku jure. Ku je wurin malami, ko wurin ɗan ajinku da ya fi ku ganewa, ku ce, "Ban gane ba, koya mini." Ba a taɓa korar ɗalibi daga makaranta don ya faɗi haka ba.

Ku yi addu'a, gama Ubangiji ne mai ba da ruwa da tsiro. Amma shi ne kuma ya ba ku lokaci kafin ruwan ya sauka, ba zai gwada muku irin da kuka ƙi gwadawa ba. Ina da tabbaci a kanku, kawunanku suna ja, ba abin da ya fi ƙarfinku a takardun nan. In ka zauna karatu gobe, ka kai ƙarshen shafi, zuciyarka ta ce maka ka iya, kada ka yarda da ita tukuna. Kife littafin, ka ce mata, "To, faɗi mu ji."