Tabawa Mai Shara da Kwamanda Maikano

An yi wani shugaban 'yan leƙen asiri, Kwamanda Maikano, wanda ya ɗaure ɗan Tabawa, mai sharar ofishinsu, bisa ƙagen fitar da sirri.

Rannan, a gaban gwamna da 'yan jarida, ya daka mata tsawa: "Ke kike shiga ko'ina. Nuna mai fitar mana da sirri yanzu, ko ki bi ɗanki!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ana cigiyar akuyar da ba a san launinta ba? Wane sirrin?"

Ya ce, "Jahila! Cewa motocin sintirinmu goma babu mai tashi!"

'Yan jarida suka duƙufa rubutu.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Mai girma gwamna, ga shi nan, har da hularsa."

Aka saki ɗanta, Maikano ya gaji tabarmarsa a kurkuku.