Wa Ya Kashe Kwamfutar Mu'azzam?

Akwai wani matashi a Kazaure mai suna Mu'azzam, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da haɗa shi. Daga Gwiwa har Babura ana kiransa, don gaskiya hannunsa yana da kyau. Aibinsa ɗaya ne: in ya riga ya yanke abu a ransa, ko limamin unguwa ka ɗauko masa ba zai saurara ba.

Bai kama shago ba. A falon gidansa ya kafa kwamfutarsa, irin babbar nan ta tebur, ta hannu ce ya sayo a Kano. Har sola ya sa saboda ita, don kada ɗauke wuta ya riƙa yi masa ɓarna. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Sa'adiyya 'yar Roni, da jaririyarsu Bahijja.

Wata rana yana tsakiyar haɗa bidiyon wani biki aka kira azahar. Ya bar aikin a buɗe ya tafi masallaci, bayan an idar ya ɗan tsaya hira a majalisa.

Da ya dawo ya tarar allon ya yi baƙi, kamar yadda yake yi in an bar kwamfutar ta yi barci. Ya danna maɓallin gabanta don ya tashe ta. Maimakon aikinsa ya bayyana, sai ta fara kunnuwa daga farko kamar wadda aka kashe. Duk abin da ya yanka ya jera tun safe, wanda bai adana ba, ya tafi.

Ya ƙwala wa Sa'adiyya kira ya tambaye ta ko wuta ta ɗauke. Ta ce ko fanka bai tsaya ba. Ya tambaye ta to wa ya kashe masa kwamfuta, ta ce ita tana kicin tun fitarsa.

Abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Muddin yana zaune a gabanta, ko wuni zai yi, ba ta taɓa yin haka ba. Sai in ya fita sallah ya dawo. Daga nan Mu'azzam ya gama lissafinsa: ba kowa a gidan sai Sa'adiyya, saboda haka ita ce. Wai kishi ke sa ta leƙa 'yan matan da ke cikin bidiyon, in ta ji motsinsa sai ta kashe don kada ya gane.

Na san za ku ce me ya hana shi adana aikinsa kafin ya fita. Ni ma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Cewa ya yi ba zai canza yadda yake aiki a gidansa ba saboda mace marar jin magana.

Sa'adiyya ta ba shi shawara ya kai ta wurin mai gyara. Ya ce kwamfutar lafiyarta ƙalau, hannunta ne ba shi da lafiya. Ta rantse masa da Allah ba ta taɓa ba, ta sake rantsewa tana hawaye.

"Inji ba ya ƙarya," in ji shi. "Mutum ne ke ƙarya."

Bai tsaya nan ba. Ya kai maganar majalisa, ya kai wa mahaifiyarsa. Har mahaifinta Malam Daudu ya kira a waya ya ce masa 'yarsa tana lalata masa sana'a, kuma tana rantsuwa a kan ƙarya. Dattijon ya kira ta ya yi mata faɗa sosai, ya ce ba haka ya rene ta ba. Wannan faɗan ya fi komai yi mata ciwo.

Wata safiya, bayan masu wani biki sun zazzage shi a waya saboda jinkirin bidiyonsu, Mu'azzam ya tsaya a ƙofar falo ya nuna kwamfutar.

"In kika sake taɓa ta, a bakin aurenki."

Daga ranar Sa'adiyya ta daina shiga falon, ko shara ba ta yi a ciki. In zai fita sallah sai ta goya Bahijja ta zauna a tsakar gida, inda zai gan ta da ya shigo. Mace a gidan mijinta ta koma kamar wadda aka kama da sata, tana gadin kanta da kanta.

Ran nan ya dawo daga la'asar ya same ta zaune a inda ya bar ta. Ya wuce falo, ya danna maɓallin. Kwamfutar ta fara kunnuwa daga farko.

Ya fito idonsa ja wur, ya ce mata ya sake ta saki ɗaya, ta tafi gidansu.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi ta ce, "Baban Bahijja, ka tabbata?"

Ya ce ya tabbata. Ta ɗauki mayafinta da kayan yarinya, ta nufi tasha ta hau motar Roni.

Satin bai ƙare ba, Mu'azzam ya bar aiki a buɗe, ya kulle gidan da hannunsa, ya sa makullin a aljihu ya tafi azahar. Ya dawo da ƙwarin gwiwarsa, yana cewa a ransa yanzu dai an huta. Ya danna maɓallin.

Ta fara kunnuwa daga farko.

Ya daɗe tsaye yana kallon allon. Sai ya koma ya duba kwaɗon ƙofa, ya duba tagogi, har ƙarƙashin gado ya leƙa. Ba kowa a gidan sai shi.

Washegari ya ɗaura akwatin kwamfutar a babur ya kai wa Hamma, wani abokin karatunsa mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Hamma ya tambaye shi yaushe take yin haka, ya ce duk lokacin da ya fita.

"Ba fitarka ba ce," in ji Hamma. "Barcinta ne. In kana gabanta kana aiki ai ba ta samun damar yin barci."

Nan take ya sa ta barci da gangan a gabansa. Ya nuna masa wata 'yar fitila a gaban akwatin tana ƙiftawa, ya ce wannan ita ce shaidar barci take yi, da kashe ta aka yi da fitilar ma ta mutu. Mu'azzam bai taɓa lura da ita ba. Hamma ya danna maɓallin, ta kuwa kunnu daga farko.

Ya cire duk wayoyin da ba dole ba ya gwada, ta sake yi. Ya ciro ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar, ya goge ya mayar, ta sake yi. Ya sabunta manhajar da ke tafiyar da katin hoto, duk banza. Daga ƙarshe ya kwance akwatin wutar da ke cikinta, wanda suke kira fawa, ya jona wani. Ya sa ta barci ya tashe ta, komai ya dawo yadda aka bar shi. Ya maimaita har ya gaji, ba ta sake ba.

Ya yi masa bayani cewa tsohuwar fawar ce ta gaji. In kwamfutar tana tafiya tana iya lallaɓawa, amma lokacin farkawa komai na cikinta yana jan wuta a tare, sai fawar ta kasa, injin ya faɗi ya tashi sabo. Ya ƙara da cewa ko barcin kawai ya kashe a saiti, da tuni ya huta.

Hamma ya ji labarin sakin kamar yadda kowa ya ji. Ya dai dubi Mu'azzam, ya ci gaba da ɗaure sukurori.

Mai hankali a ranar zai kama hanyar Roni. Matarsa tana cikin idda, kalma ɗaya ta isa ya mayar da ita. Amma Mu'azzam ya tuna majalisa, ya tuna mahaifiyarsa, ya tuna abin da ya faɗa wa Malam Daudu. Duk sai ya koma ya ce musu shi ne bai bincika ba? Girman kai ya hana shi. Ya roƙi Hamma ya rufa masa asiri.

Ya ce bari ta huce tukuna. Ya ce bari bukukuwan nan su lafa. A ƙasan ransa jira yake iyayenta su kira shi su ba shi haƙuri, sai ya nuna ya yafe, magana ta wuce ba tare da ya faɗi komai ba. Damina ta ƙare, aka yi girbi, ba wanda ya kira shi.

Da kaɗaici ya ishe shi ya shirya ya tafi biko. Malam Daudu ya karɓe shi a zaure ba yabo ba fallasa, ya shaida masa idda ta riga ta cika, yanzu magana a hannun Sa'adiyya take. Ya aika aka kira ta.

Ta zauna gefen mahaifinta. Ta rame. Mu'azzam ya sunkuyar da kai ya fara bayanin fawa da barci da fitila mai ƙiftawa. Ta bar shi ya gama.

"Yaushe ka gane haka?" ta tambaye shi.

Ya so ya ce kwanan nan, amma idon dattijon yana kansa. Ya ce tun satin da ta tafi.

Malam Daudu ya juya ya dubi 'yarsa. Ya ce ta yafe masa, shi ma ya ɗauki maganar wani a kan rantsuwarta, ya zauna da ita a gida ɗaya yana mata kallon maƙaryaciya. Dattijo mai furfura ya sa hannun riga yana share ido a gaban surukinsa.

Sa'adiyya ta ce wa mahaifinta ba komai. Sannan ta dubi Mu'azzam.

"Ranar da ka sake ni na yi maka uzuri, na ce fushi ne da rashin sani. Har addu'a nake yi Allah Ya nuna maka gaskiya. Ashe tuni Ya nuna maka. Kana can kana aikinka, ni ina nan ko rijiya na je ana nuna ni da baki, Baba ba ya iya haɗa ido da ni."

Ya ce ta yi haƙuri, zai sake sabon sadaki, zai je majalisa ya wanke ta a gaban kowa.

"Ka je ka wanke ni, wannan haƙƙina ne," ta ce. "Sakin na yafe maka. Shirun ne ba zan iya zama da shi ba. In ka so ganin 'yarka ka zo, ba mai hana ka."

Ta tashi ta shige gida. Ya zauna yana jira ko za ta sake fitowa, har aka kira magariba. Malam Daudu ya miƙa masa buta, suka yi sallah, ya raka shi bakin babur ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Darasi: Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka bincika, don abin da ka tabbatar a ranka ba lallai ne shi ne gaskiya ba. In kuma ka gane ka yi zalunci, kada ka kwana ba ka gyara ba. Ana yafe kuskure, amma sanin gaskiya a yi shiru a bar bawan Allah cikin zargi, wannan shi ke yanke zumunci. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai bin wani bashin ban haƙuri da yake ta ɗagawa zuwa gobe.